Ɗan Gobir A Jirgin Ƙaura

Ku 'yan makaranta, in kun sami sarari ku buɗe taswirar Nijeriya, ku ɗora yatsa a kan Ikko, ku bi baƙin zanen nan na hanyar jirgin ƙasa ku yi arewa. In kun zo Zariya za ku ga ya rabu biyu. Babban ya miƙe Kano, ƙaramin kuwa ya karkata arewa maso yamma, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya je Ƙaura Namoda ya tsaya cik, kamar jakin da ya ga gulbi. A 1929 dogo ya isa nan, bai kuwa ƙara ko taki ɗaya ba. Bai je Sakkwato ba, balle Isa, balle mu nan Sabon Birni da mu ke can ƙurya, bakin iyaka. Sabo da haka mu Gobirawa ba mu taɓa jin kukan jirgi daga ɗakunanmu ba. Amma duk da haka jirgin nan ya ɗebi 'ya'yanmu, labarin ɗaya daga cikinsu kuwa mu ke so mu ba ku yau. Dalili, mun lura in muka zo kan Yaƙin Duniya na Biyu a aji sai ku yi ta hamma, kuna tsammani rigimar Turawa ce can wata uwa duniya, ba ruwan kowa a nan.

Yaron ƙanen kakarmu ne, wadda ta haifi mahaifinmu. A bakinta muka ji farkon labarin. Sauran kuwa muka ji a bakin abokin tafiyarsa, wani tsohon soja wanda Allah ya ja kwanansa har muka yi wayo muka zauna gabansa. Abin da ya shafi shekaru da sunayen wurare littattafan tarihi suka cika mana, don tsofaffinmu da damina su ke ƙirga, ba da lamba ba.

An fara yaƙi a watan Satumba na 1939. Da farko mutanenmu ba su ji kome ba, sai dai gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada. Sai a 1940, da Jamus ta ci Faransa, abin ya matso har ƙofar gida. Kun san iyakar nan da ke arewa da mu, wadda Ingilishi da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908, ta raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗo nan. To, masu mulkin ƙasar Faransa ta can ƙetare suka bi gwamnatin Bishi, wadda ta yi sulhu da Hitila. Watau dare ɗaya kawunka na Tsibiri ko Madawa ya zama mutumin ɓangaren abokan gaba, alhali kuwa rijiyarku ɗaya, kasuwarku ɗaya, zanen fuskarku ɗaya. Aka tsananta tsaron iyaka, fatake suka koma bin dare. Haka aka zauna har wajen ƙarshen 1942, sa'an nan suka juyo wajen Ingilishi.

A wannan shekara ta 1942 Jafan ta kwashe Malaya da Singafo da Bama daga hannun Ingilishi. Abu biyu suka biyo baya, dukansu kuwa a kan talaka suka sauka. Na farko, da ya ke kuzar Malaya ta kuɓuce, aka tilasta wa mutanen Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da suka sa wa suna ɗiban gwamna. Na biyu, aka ce ana son soja masu yawa, waɗanda za su iya zafi da kurmi. A takarda an rubuta cewa shiga soja ganin dama ne. Amma fa ku san yadda ganin dama ya ke a zamanin En'e. Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa mai gari cewa ana son mutum kaza daga ƙasarsa. Mai gari kuwa ba zai fara da ɗansa ba, ko ɗan mai kuɗin garin. Kafin a gama yaƙin mutanen Nijeriya fiye da 100,000 suka sa kaki. Cikinsu akwai wanda ya je don kansa, sabo da sule gudan nan da a ke ba kurtu ko wace rana, a lokacin da mutum kan sayar da akuyarsa ya biya haraji. Akwai wanda ya guje wa bashi, ko ya rasa budurwa, ko ya ga sojan da ya komo daga yaƙin Habasha da jar dara yana taƙama, ransa ya biya. Akwai kuma wanda aka nuna da baki kawai.

Namu yana tsakani. Mai garin ƙauyensu ya aiko wa mahaifinsu cewa gidansa zai ba da mutum guda, ko kuza ko soja. 'Ya'ya maza biyu ne a gidan, babban yana da mata da jariri. Da dare ƙaramin ya sami uban a zaure, ya durƙusa, ya ce, "Baba, in dai sai an tai, ni ka tahiya. A bar Yaya shi riƙe gona." Shekarunsa ba su fi goma sha takwas ba. Ya zaɓi soja, don ya ji labarin sanyin Jos da yadda ma'aikata ke mutuwa da ciwon haƙarƙari. Ya ce in mutuwa ce, gara ta same shi da bindiga a hannu, ba da kwando a ka ba. Ku riƙe wannan magana tasa, za mu komo kanta.

Kada ku yi mamakin irin wannan zuciya. Yaron da aka rena da labarin Bawa Jan Gwarzo da Alƙalawa da Gawakuke, wanda kakanninsa suka bar Tsibiri suka bi Ɗan Halima suka kafa Sabon Birni, ba ya jin yaƙi baƙon abu ne. Turawa ma sun san haka, shi ya sa su ke son ɗibar soja daga ƙasashe irin namu. Amma mu a ganinmu wannan yabo ne mai ƙugiya a ciki. Wanda ya ce maka kai jarumi ne a ranar da ya ke neman mai mutuwa dominsa, ka duba bakinsa da kyau.

Bayan an gama kaka suka tashi, hunturu ya fara busawa. Kakarmu ta ce uwarsu ta kwana tana dakan gumba, ta ƙulle masa da ƙuli-ƙuli a tsumma. Uban ya karɓo masa laya wajen malamin garin, aka ɗinke ta da jar fata. Da asuba ya je ƙofar ɗakin uwar ya ce, "Inna, za mu tahiya." Ba ta fito ba. Daga ciki ta ce, "Allah shi tsare, Allah shi maido ka. Kak ka bar salla." Shi ke nan abin da ta ce. Ku yaran yanzu da kuka saba ganin uwa ta rungume ɗa a tashar mota kuna iya cewa ba ta damu ba. Kakarmu ta ce kwana uku tuwo bai shiga bakin matar nan ba.

Daga ƙasar Sabon Birni zuwa Ƙaura mil saba'in ne da ɗoriya, a ƙasa kuwa suka tafi, su wajen ashirin, da dogari gaba da dogari baya. Suka kwana Isa, suka bi ta Shinkafi da Moriki. A lokacin duk Lardin Sakkwato ne, ba a yi Jihar Zamfara ba sai 1996. Kakarmu, da ya ke ita ce ta goya shi yana ƙarami, ta ce ba ta yarda ba sai ta ga abin da zai ɗauke shi. Ta bi ayarin masu jakai da ke kai gyada Ƙaura, ita da wan nasu. A rana ta huɗu suka hangi hayaƙi.

A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne labarin ya ke. Ƙaura a lokacin ciniki gari ne mai hayaniya. Ga buhunan gyada an tsiba, ga fatu da ƙiraga, ga raƙuman Azbinawa sun durƙusa, ga akawunan kamfani da sikeli, ga Yarbawa da Inyamurai ma'aikatan reluwe. Tsohon sojan nan ya ce cikinsu su ashirin ba wanda ya taɓa ganin jirgi. Sun dai ji ana cewa gari guda ne ke tafiya a kan ƙarfe, yana cin wuta yana shan ruwa. Da kan jirgin ya yi tsaki ya fesa tururi, mutum biyu suka zuba a guje, sai da dogarai suka kamo su, jama'a na dariya. Shi kansa, in ji shi, gwiwarsa ta yi sanyi, amma ya tuna da zanen da ke kumatunsa, ya ce ba za a ce Bagobiri ya guje wa tukunya ba.

Wani saje ya zo da takarda ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa, kamar mai sayen awaki. Aka ba ko wane ɗan kuɗin abinci. Sa'an nan aka ce su shiga. Taragon na katako ne, da benci, tagoginsa ba gilashi. Yaron ya sami wuri bakin taga. Kakarmu ta matso, ta miƙa masa goro biyar a ganye, ta ce, "Auta, in ka isa ka aiko." Ya ce, "To, Iya." Haka ya ke kiranta tun yana bayanta. Wan ya kama hannunsa ta taga, bai ce kome ba, don shi ya san a madadin wa a ke tafiyar. Aka busa usur, mai tuta ya ɗaga tuta. Sai taragun suka yi karo da juna, ƙararam, ƙararam, tun daga gaba har baya, kana abin ya motsa.

Abin da ya fi tsaya wa kakarmu a rai, har ta tsufa tana faɗi, shi ne saurin rabuwar. Ku duba, mu a al'adarmu rakiya a ke yi. In mutum zai yi tafiya, a kan taka masa har bayan gari, a tsaya gindin tsamiya a yi addu'a, ya tafi kana ganin bayansa, ya waiwayo ka ɗaga hannu, ya zama kamar tururuwa, sa'an nan ya ɓace. Zuciya ta kan sami lokacin da za ta saba. Jirgi kuwa bai san rakiya ba. Ta ce ta bi shi da gudu har ƙarshen dandamalin, kafin ta gyara goyon zanenta ya sha kwana, sai hayaƙi, sai ƙarafa biyu kwance suna sheƙi cikin rana. Ta ce ta taɓa ƙarfen ta ji yana rawa, ta riƙe shi har ya daina. Mun karanta littattafai da dama a kan yaƙin nan tun muna kwalejin horon malamai, ba mu sami inda aka faɗi abin da jirgin ƙasa ya yi wa talakan Arewa kamar yadda tsohuwar nan da ba ta san bihim ba ta faɗe shi.

Su kuwa na ciki, da farko shiru. Itatuwa na gudu baya, wani ya rufe ido, wani ya yi amai. Kafin Gusau an fara raba goro, kafin Funtuwa har an fara yi wa waɗanda suka gudu ba'a. Ƙuruciya ke nan. Abin da suka yi kwana huɗu suna takawa, jirgi ya ninka shi kusan biyu tsakanin safe da dare.

A Zariya a ke horon kurata tun 1924. Likita ya duba su, aka auna tsawo da ƙirji, aka mayar da masu gwaiwa da masu ciwon ido. Musulmi ya rantse da Alƙur'ani, Kirista da Littafinsa, mai bin gargajiya ya lashi banati. Aka dangwala yatsa, aka ba ko wane lamba. Wajen rubuta suna kuwa akawun soja ba ya son dogon zance. Sunan yanka, sa'an nan sunan gari, wane Sakkwato, wane Isa, wane Gobir. Sunan uba ya faɗi a nan ƙofar bariki. Aka aske su, aka ba su kaki da bargo da takalma. Kafin yaƙin nan sojan Nijeriya ba takalmi ya ke fareti, sai da za a kai shi ƙetare aka ga ya kamata. Da Hausa a ke ba da umurni tun zamanin Lugga, har hafsoshi Turawa sai sun ci jarrabawar Hausa, amma da yaƙi ya kawo dubban mutane daga Kudu da sababbin hafsoshi daga Ingila, sai aka shiga koya wa kowa ɗan Turanci. Ba baƙin mutum ko ɗaya daga Nijeriya da ke da muƙamin hafsa a lokacin. Iyakarsa samanja, ko da ya kai Cari Maigumeri, wanda ya yi yaƙin 1914 ya kuma yi wannan, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Albashinsa bai kai na Baturen da ke daidai da shi ba, kuma ana iya yi masa bulala, abin da ba a kau da shi sarai ba sai 1946.

A 1943 aka haɗa manyan rundunoni biyu na sojan Afirka ta Yamma don yaƙin Bama, ta 81 a watan Maris, ta 82 a watan Agusta. Alamar ta 81 gizo-gizo ne baƙi, watau Gizon tatsuniya, wanda mutanen Gwalkwas ke kira Anansi. Alamar ta 82 kuwa, inda yaronmu ya faɗa, māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. I, gammo, wanda ku ke naɗawa in za ku ɗauko ruwa. Ga dalili. Ƙasar da za a kai su duwatsu ne da kurmi da rafuka, mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Sai manyan soja suka tuna mutumin Afirka ta Yamma ya iya ɗaukar kaya a ka. Aka ware dubbai, aka ce su ne za su ɗauki harsashi da abinci da igwa a warwatse da masu rauni, yawancinsu ba bindiga, sai adda. To, kun tuna wanda ya ce gara bindiga a hannu da kwando a ka? Cikin masu gammo aka sa shi. Tsohon sojan ya ce ranar da aka karanta sunayen, yaron ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe Jos ɗin ce dai, ta bi ni."

Amma kada ku rena masu gammo. Ba domin su ba, da rundunar ba ta taka ko mil goma cikin kurmin nan ba. Mai bindiga in an yi harbi ya kan kwanta ya rama. Mai kaya kuwa sai ya tsaya da akwatin harsashi a kansa har a ce ya sauke. Ku gaya mana wanne ya fi bukatar zuciya.

Jirgi na biyu da ya shiga shi ne na zuwa Ikko, a 1944, yanzu kuwa ya zama ɗan gari, har yana nuna wa sababbi inda a ke riƙewa. Suka bi Kaduna da Minna da Zungeru, suka ƙetare Kwara a kan gadar Jaba. Ɗan Gulbin Rima, wanda ya saba ganin gulbi ya ƙafe da rani a haƙa rairayi a ɗebi ruwa, ya ga ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Daga Ilori ƙasa ta sake, itatuwa suka yi tsawo, rana ta ɓace. A tashoshin ƙasar Yarbawa mata masu talla suka ga zanensu suka gane su, suka shiga yi musu tsiya, don kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Wata ta jefo musu lemo ta taga, ta ce a kai wa bayinta. Tsohon ya ce tun da suka bar gida ba su ji sanyi a rai ba kamar ranar, don sun sami wanda ya san ko su wane ne har ya zage su.

Daga nan sai teku, makonni ba a ganin ƙasa, sai Indiya, sai wani jirgin ƙasan kuma, kwana da kwanaki, zuwa Ranci inda aka ƙara musu horo. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ƙasashen ya gai da sojan Nijeriya. A watan Disamba na 1944 runduna ta 82 ta shiga Arakan, a yammacin Bama, ta bi kwarin Kalafanzin. Abinci daga sama a ke jefo musu da laima. Ruwa, taɓo, sauro, matsattsaku, gora mai kaifi kamar aska, ga Jafan da ba a gani sai an taka shi. Zazzaɓi da atuni sun kwantar da mutane fiye da harsashi. Wani abin da ya ba su mamaki, a ƙauyukan wajen Butidaun suka tarad da Musulmi, da masallatai da allo, suka yi musu sallama aka amsa. Jikokin mutanen nan ne Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka gudu Bangaladash a 2017.

A watan Janairu na 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci wani gari wai shi Miyohaun. Dā can shi ne babban birnin sarakunan Arakan, ya zama kufai, sai ganuwa da gidajen ibada na dutse da ciyawa ta rufe. Tsohon ya ce da suka shiga, yaronmu ya duba ya ce wannan ai Alƙalawa ce tasu. Sai da muka girma muka bincika muka tarar ma'anar sunan nan da harshen Bama ita ce tsohon birni. Ku ji fa, an ɗauko yaro daga Sabon Birni, an ratsa rabin duniya da shi, don ya taya Ingilishi karɓar Tsohon Birni daga hannun Jafan, alhali ba ɗayansu da ya gina shi.

Bai wuce nan da nisa ba. Rundunar ta ci gaba kudu, wajen Dalet da Tamandu da hanyar An, inda aka yi faɗa mai tsanani a watannin Fabrairu da Maris. A can, suna hawan wani tudu da kaya, harsashin igwa ya faɗo kusa da su. Abokinsa ya ce bai daɗe ba, ya sami yin kalmar shahada, limamin bataliya ya yi masa salla, suka haƙa da adda suka rufe shi, suka ɗauki kayansa suka raba a kawunansu, don ba a barin harsashi. Mutanen runduna ta 82 fiye da 2,000 ne suka mutu ko suka yi rauni ko suka ɓace a yaƙin nan. Jafan ta sallama a watan Agusta na 1945, amma sai 1946 aka komo da yawancin sojanmu.

Jirgin Ƙaura ɗin nan dai shi ya maido da waɗanda suka saura. Kakarmu ba ta je tarye ba, don takarda ta riga ta zo ta hannun hakimi. Abokin ya iso da akwatin ƙarfe da lambar Tauraron Bama da ɗan kuɗin sallama, waɗanda ba su kai damina biyu ba. Kafin ya shiga gidansu ya biya gidan su yaron, ya durƙusa gaban uwar, ya ce, "Inna, ga saƙo." Layar nan ce mai jar fata, ta yi baƙi da gumi. Ta juya ta, ta ce, "Ya riƙe salla?" Ya ce, "Ya riƙe, Inna." Ta ce, "To, madalla."

Waɗanda suka komo sun komo da ido buɗe. Sun ga Bature na sharar jirgin ruwa, sun ga Bature na kuka, sun ga mutanen Indiya na gardama da masu mulkinsu a fili, har suka sami 'yancinsu a 1947. Ba mu ce su suka kawo mulkin kai na 1960 ba, wannan aikin mutane da yawa ne. Amma mutumin da ya ga haka ba ya komawa ya faɗi ƙasa don ya hangi farar hula kamar dā, mai gari ma ya san da haka, shi ya sa ba a cika son tsohon soja a fada ba.

In kun je Kaduna kuka ji ana cewa barikin Dalet ko Kalafanzin, ko Zariya barikin Cindit, ko Ikko barikin Miyohaun da Arakan da Tamandu da An, ko Badun barikin Letmauk, to, ku sani ba sunayen Turawa ba ne. Yawancinsu sunayen rafuka ne da ƙauyukan Bama inda irin yaron nan suka kwanta, Cindit kuwa sunan rundunar Janar Wingate ce, wadda bataliya uku na Nijeriya suka yi yaƙi cikinta a 1944. A Taukiyan, kusa da Rangun, a ƙasar da a ke kira Miyanma tun 1989, akwai ginshiƙan dutse da aka sassaƙa sunayen soja kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Akwai 'yan Nijeriya da yawa a ciki, wasunsu da sunan garinsu a maimakon na ubansu, yadda akawun Zariya ya rubuta.

Har yanzu samarinmu na tafiya Zariya ɗaukar soja, cikinsu har da waɗanda muka koya wa karatu da hannunmu, sai dai a mota su ke tafiya. Bambancin kuwa, wancan ya bar gida lafiya ya tafi inda a ke yaƙi. Na yanzu, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, har dubban mutanenmu suka ƙetara ƙasar Maraɗi gudun hijira a 2019, shi ya kan bar yaƙi a ƙofar gidansu, hanyar Shinkafi ma da zai bi sai da addu'a. In ɗayanku ya zo ya ce mana, "Malam, soja ni ke so," ba mu hana shi, don ƙasa ba ta zama ba masu tsaronta, wannan karon kuwa ƙasarsa ce, ba ta wani ba. Sai dai mu kan ce ya gama karatunsa tukuna, ya shiga da takarda a hannu, ya iya karanta abin da zai sa wa hannu, ba dangwale ba.

Ga aikin da mu ke roƙonku in an ba da hutu. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da ƙannensu mata suna nan. Ko wane ɗayanku ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya gaishe su da ladabi, ya tambaya ko akwai wanda ya tafi yaƙin Hitila daga gidan. In akwai, ku rubuta sunansa, da sunan ubansa da kakansa, da ƙauyensu, da tashar da ya shiga jirgi, da ko ya komo. Ku roƙa a buɗe muku tsohuwar adaka, wataƙila littafinsa na sallama na ciki, lambarsa kuwa tana shafin farko. Kada ku ɗauko littafin, ku kwafa kawai ku mayar. Ku kawo wa malaminku ran da aka komo makaranta, mu kuwa za mu tattara na Isa dabam, na Sabon Birni dabam, mu aika wa Edita.